RAN MOTAR DAJI YANA CIKIN MANTA DA RUWANTA

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ya san wurin da hirar fasinja take yankewa. Da zarar mota ta wuce Serti ta bar Mayo Selbe, sai hanya ta miƙe sama tana kwana-kwana, dutse a hannu guda, rami a ɗaya hannun, har a kai kan tudun da tsayinsa ya kai wajen mita 1,600. A can sama kuwa, bayan an wuce Maisamari da Nguroje an isa Gembu, kwalta ba ta raka kowa zuwa ƙauye. Jar laka ce da damina, ƙura da rani, ga rafuffuka marasa gada. A kan irin waɗannan hanyoyi ne tsofaffin motocin Land Rover, waɗansu masu shan fetur waɗansu masu shan gas, suka yi shekara da shekaru suna jigilar masara da dankali da 'yan kasuwa, da mai naƙuda zuwa asibiti, kafin motocin Toyota su zo su raba aikin da su.

Abin lura a nan shi ne, akan sami motar da ta girmi direbanta tana kai da kawowa a kan wannan tudu, alhali kuwa a harabar ofisoshi da yawa a ƙasar nan ga motocin daji da ba su kai rabin shekarunta ba an ɗora su bisa duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. In an tambaya sai a ce injin ne ya buga, a kuma ɗora laifin a kan munin hanya. To, hanya takan karya sifirin, ta fasa taya, ta kwance ƙusoshi, amma fa ba ta taɓa cikin inji. Abin da ke kashe inji ta baki yake shiga: ta bakin tanki, ta bututun iska, ta wurin zuba baƙin mai, ko ta murfin lagireto. Direban da ya tsare waɗannan ƙofofi huɗu ya tsare motarsa.

WUTA BA TARE DA TARTSATSI BA

Kafin a gane dalilin haka, ya kamata a san yadda injin gas yake aiki. Wani Bajamushe ne mai suna Rudolf Diesel ya ƙago shi, injinsa na farko da ya yi aiki sosai ya tashi a shekarar 1897, da sunansa kuma ake kiran man har yau, watau dizal, wanda direbobi suka fi sani da gas. Injin fetur yana gauraya mai da iska, sa'an nan filogi ya kyasta musu wuta. Injin gas kuwa iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, ta yi zafi fiye da digiri 500 a ma'aunin Selsiyos. A daidai wannan lokaci ne nozul yake fesa gas kamar hazo, ya kama da wuta da kansa.

Wannan matsi shi ne sirrin ƙarfin injin da rashin shan mansa, shi ne kuma ya sa ba ya yafe ƙazanta. Kamfanin Rover na Ingila ya fitar da motar Land Rover ta farko a 1948, ya sa mata injin gas a 1957. Kamfanin Toyota na Japan ya fitar da Land Cruiser samfurin 70 a shekarar 1984, a 1990 kuma ya sa mata injin nan da ake kira 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda ya yi suna daga dazuzzukan Kamaru har hamadar Agadas. Waɗannan injuna suna iya yin dubban ɗaruruwan kilomitoci ba a buɗe cikinsu ba, amma da sharaɗi: iska mai tsabta, gas mai tsabta, baƙin mai mai rai, da ruwa isasshe.

BAƘIN MAI DA AGOGON DA KE RUƊI

Baƙin mai aiki huɗu yake yi. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su goga juna, yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, yana wanke ƙunar gas ya riƙe ta a jikinsa, yana kuma kashe kaifin asid da ke taruwa a cikin inji. Saboda wankin nan ne man injin gas yake yin baƙi ƙirin bayan 'yan kwanaki da zuba shi. Baƙin ba shi ne alamar mutuwarsa ba, kamar yadda santsinsa a tsakanin yatsu biyu ba shaida ba ce cewa da sauransa. Sinadaran da ke cikinsa ƙarewa suke yi ba tare da ido ya gani ba.

Littafin mota yakan ba da wa'adi iri biyu: na mai tafiya a kan kwalta, da na mai aiki cikin wahala, watau ƙura, da laka, da kaya masu nauyi, da doguwar tsayuwa inji yana kunne. Ga injuna irin 1HZ, wa'adin wahala shi ne kilomita 5,000. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki wa'adin kwalta a ɗora wa motar daji. Ko wannan 5,000 ɗin ma sai an yi hattara da shi, domin agogon mota juyin taya yake ƙirgawa, ba wahalar inji ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a a kan hanyar Kaduna zuwa Kano za ta cika kilomita 5,000 cikin sa'o'i 63. Wadda ke jan ciki a laka da ƙaramar giya, tana yin kilomita 15 a sa'a, sai injinta ya yi sa'o'i fiye da 330 kafin agogo ya nuna wannan adadi. Masu tarakta da manyan janareto sukan sauya mai bayan kamar sa'o'i 250. Saboda haka motar da damina ta same ta a daji, gara a sauya mata mai da wuri, ko da agogo bai kai ba. Wadda kuma take ajiye ba ta tafiya, kada manta ya wuce wata shida.

A jikin galan akwai rubutun da ya kamata kowane direba ya iya karantawa. Lambar 15W-40, wadda ta dace da yawancin tsofaffin injunan gas a yanayin ƙasar nan, tana bayyana kaurin man: rabin farko yadda yake gudu da sanyin safiya, rabi na biyu yadda yake riƙe kaurinsa in inji ya yi zafi. Akwai kuma haruffan Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API. Wanda ya fara da harafin C, kamar CF-4 ko CH-4 ko CI-4, na injin gas ne. Wanda ya fara da S kaɗai na injin fetur ne. Waɗansu kanikawa sukan ƙara man giya a cikin tsohon inji don ya yi kauri ya rage ƙara. Wannan rufe ciwo ne da tsumma, domin mai mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, a lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

A sauya mai inji yana da ɗumi, mota tana tsaye a wuri madaidaici, a bar tsohon ya tsiyaye sarai, a kuma sauya filta tare da shi. Injin 1HZ yana ɗaukar wajen lita goma, amma gejin mai shi ne alƙali. Cika shi fiye da alamar sama haɗari ne, domin injin gas yana iya zuƙar baƙin mansa ya ƙona shi, ya yi ta ruri ko an zare mabuɗi, har ya tarwatse. In aka ga mai yana ƙaruwa da kansa yana warin gas, to, gas na zuba a cikinsa. In ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga. In fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji nan take, ko a tsakiyar daji ne, domin tafiyar minti biyu ba mai ta isa ta cinye metal da karanshaf.

Jabun mai kuma ya zama ruwan dare. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta sha kama masu tace tsohon mai su ɗura shi cikin galan mai tambarin kamfani. Maganin wannan shi ne a saya a wurin dillali sananne, a duba hatimin murfi, a kuma huda galan bayan an juye shi don kada ya koma kasuwa. Araha dai ba ta ado. Tsohon man da aka juye kuwa guba ne: kada a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi, kada kuma a shafa shi a mikin dabba kamar yadda waɗansu suke yi.

ABIN DA KE CIKIN DURO

Ƙofa ta biyu ita ce tanki. Gas yana ɗauke da farar wuta tun daga ɗanyen mai. In ta ƙone ta haɗu da tururin da ke cikin inji, sai ta zama asid irin na cikin batir, ta riƙa cin silinda da ringi, tana kuma ƙarar da ƙarfin baƙin mai da wuri. Ƙasashen Tarayyar Turai sun rage ta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, a lokacin da dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton gwajin man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, inda ta sami gas mai farar wuta ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A watan Disamba na wannan shekara Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su daina karɓar irin wannan mai, a 2020 kuma ministocin ƙungiyar ECOWAS suka tsayar da kashi 50 cikin miliyan.

To, amma abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ke cikin duron 'yan bumburutu daban. Motar daji ba kullum take samun gidan mai ba. Gas ɗin jarka yakan zo da tsatsa da yashi da ruwa. Wani an gauraya shi da kananzir. Wani kuma daga matatun ɓoye na dazuzzukan Neja Delta ya fito, ba a gama tace shi ba. Illar kananzir ita ce rashin maiƙo. Famfon gas na waɗannan injuna ba ya samun baƙin mai, gas ɗin da ke ratsa shi ne yake zame masa mai, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa kuwa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Kananzir yakan sa su goge juna, ruwa kuma yakan sa su yi tsatsa. Famfon gas yana cikin kayan inji mafiya tsada, mai gyaransa na gaske kuma sai a manyan garuruwa.

Rigakafin ba shi da wuya. In dole ne a sha daga duro, a bar shi ya kwana a tsaye don ruwa da datti su kwanta, a zuƙo daga sama, a bar na ƙasa, a kuma tace da mazurari mai rariya. A cika tanki da yamma bayan an gama aiki, domin tankin da ya kwana rabi yakan yi gumi daga ciki in dare ya yi sanyi, musamman a wuri irin Mambila. A ƙarƙashin filtar gas akwai ɗan kofi da ruwa ke taruwa a cikinsa, da ƙusar da ake kwancewa a tsiyaye shi. A Land Cruiser akwai fitila da ƙararrawa da ke faɗakarwa in ruwan ya yi yawa, abin takaici kuwa akan sami mai cire wayarsu don ƙarar ta dame shi. A riƙa tsiyaye kofin nan kowane mako, a kuma ajiye sabuwar filta guda a cikin mota. Bayan an sauya ta sai a danna ɗan famfon hannu da ke samanta har iska ta fita, in ba haka ba inji ba zai tashi ba, a yi ta murɗa shi har batir ya mutu.

ƘURA, WASA MAI CIN ƘARFE

Inji mai girman lita 4.2 da ke juyi 2,000 a minti yana zuƙar iska kusan lita 4,000 a kowane minti, watau fiye da lita 200,000 a sa'a guda. Mai karatu ya auna wannan da hazon hunturu, ko da ƙurar da ke tashi in mota tana bin wata a kan burji. Ƙura yashi ne mai laushi. In ta wuce filta ta haɗu da baƙin mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta riƙa goge silinda har matsi ya ragu. Daga nan sai inji ya fara wuyar tashi da safe, ya fara shan mai, ya fara hura hayaƙi ta wurin gej.

Filtar iska ta takarda ba ta son duka. Buga ta da taya ko da bango yakan tsaga takardar ko ya karkatar da bakinta, ƙura ta sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kakkaɓe ta a hankali, in za a hura ta da iska a huro daga ciki zuwa waje, ba da ƙarfi ba. A sa fitila a cikinta a duba: in haske ya fito ta wani rami, ta gama aiki. Land Cruiser tana da ɗan kofi a ƙarƙashin gidan filta da ke tara ƙura, wanda ya kamata a zubar kullum da rani. Tsohuwar Land Rover kuwa tukunyar mai ce take tace mata iska, sai a wanke ta a sake zuba mai daidai alama. A kuma duba robar da ta haɗa filta da inji, domin tsaga ƙarama a nan ta fi filta mai datti ɓarna.

Ta wannan ƙofa kuma ruwan rafi yake shiga. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In inji ya zuƙi ko da rabin kofi, fistin zai taras da shi kamar dutse, sandar da ta haɗa shi da karanshaf ta lanƙwashe. Shi ya sa ake ɗaga bututun iska zuwa saman gilashi a motocin da ke tsallake rafi. In mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murɗa mabuɗi. A jawo ta waje, a duba filta. In ta jiƙe, a cire hita filogi ko nozul a juya inji ruwan ya fita tukuna.

Tsayin ƙasa shi ma yana da nasa. Iskar kan tudu ba ta kai ta ƙasa nauyi ba, injin da ba shi da turbo kuwa yakan rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300. A Gembu ke nan ya rasa wajen kashi 15. Direban da bai san haka ba yakan sa a buɗe masa famfo a ƙara gas. Ƙarfin da zai samu kaɗan ne, sauran ya tafi a baƙin hayaƙi da zafin da ke ƙona fistin. Sauka zuwa ƙaramar giya shi ne magani.

LAGIRETO

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da gas ke bayarwa ruwa ne yake kwashe shi. Ruwan rijiya da na rafi suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin bututan lagireto, kamar farin da ke taruwa a gindin butar shayi, suna kuma sa tsatsa. Ruwan kore ko ja da ake sayarwa a galan, mutane da yawa sun ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne kawai. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma yana kuma hana tsatsa, yana ɗaga matakin tafasa. A gauraya shi da tataccen ruwa ko ruwan sama mai tsabta yadda aka rubuta a jikinsa, a sauya shi bayan kamar shekara biyu in irin na da ne. Yana da zaƙi a baki, guba ne kuma, saboda haka a nisanta shi daga yara da dabbobi.

Murfin lagireto ba marufi kawai ba ne. Sifirin da ke cikinsa yana riƙe matsi, wanda ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu ya isa ya sa mota ta riƙa tafasa a kowane hawa. Haka nan al'adar cire tamostat, wai don ƙasar nan da zafi, ba ta da tushe. Inji ya fi lafiya a tsakanin digiri 80 da 90. In ya yi sanyi da yawa gas ba ya ƙonewa sarai, asid ya fi taruwa. A injuna da yawa kuma tamostat ɗin ne yake toshe gajeriyar hanyar ruwa, in babu shi sai wani ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba, a sami zafin da ake gudu.

Motar daji tana da ƙarin matsala: laka da 'ya'yan ciyawa sukan toshe fuskar lagireto, iska ta kasa ratsawa. A wanke daga baya zuwa gaba, a duba fanbel da robobin ruwa. In allura ta hau ja, a tsaya a bar inji ya huce. Buɗe murfi da zafi ya ƙona fuskar mutane da yawa, kwara ruwan sanyi cikin injin da ya ƙafe kuma yakan tsaga kan silinda.

ƘARƘASHIN MOTA

Akwai mayukan da ido ba ya kaiwa gare su sai an kwanta a ƙasa: na giya, na ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da na aksul biyu. Aksul yana son mai mai kauri, mai alamar GL-5. Kowane aksul yana da ɗan ramin numfashi a samansa. In ya yi zafi da tafiya aka tsunduma shi cikin rafi mai sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, ya zuƙi ruwa ta wannan rami ko ta bakin roba. Bayan kowace tsallakawa mai zurfi a kwance ƙusa a duba. Man da ya yi fari-fari ya mutu, a juye shi. A kuma ɗura giris a gaɓoɓin furfela har tsohon ya fito.

Man birki ya fi kowanne shiga rai kai tsaye. Ɗabi'arsa ce ya tsotsi laima daga iska ko mota tana ajiye. Sabon mai mai alamar DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha laima yakan sauko zuwa 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. A gangara mai tsawo irin ta Mayo Selbe, in direba ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba, ƙarfe ya yi zafi, man ya tafasa ya zama tururi, sai a taka birki ya tafi ƙasa fayau. A sauya man birki duk shekara biyu, daga gwangwanin da ba a buɗe ba. Giyar da aka hau tudu da ita kuma, da ita ake sauka.

Sai bel ɗin cikin inji, wanda ke daidaita bawul da fistin. Tsohon injin Land Rover mai lita 2.25 sarƙa gare shi, amma 1HZ da injunan Tdi na Land Rover bel suke da shi. Ba ya kuka kafin ya tsinke, in ya tsinke kuma fistin yakan doki bawul. Wa'adinsa a 1HZ kilomita 100,000 ne ko 150,000, gwargwadon shekarar ƙira. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san tarihinta ba, ya fara da wannan.

Salansa ma tana magana ga mai lura. Baƙin hayaƙi yana nufin gas ya fi iska yawa, watau filta ta toshe ko nozul ya gaji. Shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai. Fari da sanyin safiya, wanda ke ɓacewa bayan ɗan lokaci, yawanci hita filogi ne. Wanda bai ɓace ba, ruwa kuma yana raguwa, gasket ne.

SABABBIN INJUNA

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ƙera injunan gas da kwamfuta ke sarrafa fesa mansu. Irinsu ne a cikin Hilux da manyan Land Cruiser na yanzu. Sun fi ƙarfi, sun fi rashin hayaƙi, amma matsin gas a cikinsu ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 1,600 zuwa 2,000 ko fiye. Dattin da tsohon inji zai haɗiye ya wuce, su yakan kashe musu nozul. Duk abin da aka faɗa a baya ya fi wajaba a kansu. Suna kuma da turbo mai juyi fiye da dubu ɗari a minti, saboda haka bayan hawa ko gudu mai tsawo a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin a kashe shi, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone.

INDA LALACEWA TAKE ZAMA AJALI

A Mambila, in mota ta lalace, akan kwana a hanya, kaya su ruɓe, marar lafiya ya galabaita. A can arewa kuwa, inda irin waɗannan motoci suke ratsa hamada, abin ya wuce nan. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit ta Jamhuriyar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motoci biyu da suke ciki sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. A tsakiyar 2017 kuma mutum 44 suka rasu a hanyar Agadas zuwa Dirku a irin wannan hali. A wurin da babu gareji, babu inuwa, babu rijiya, lafiyar inji da ran fasinja abu guda ne.

Don haka nauyin yana kan mutum biyu. Na direba shi ne minti goma na kowace safiya kafin ya murɗa mabuɗi: ya zare gej, ya duba ruwa inji yana da sanyi, ya leƙa man birki da na kuloci, ya taɓa fanbel, ya zubar da ƙura, ya durƙusa ya ga ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare. Kada kuma ya shiga daji sai da galan na mai, da jarkar ruwa, da filta, da fanbel, da robar lagireto. Na mai mota kuwa, mutum ne ko ma'aikata ko ƙaramar hukuma, shi ne ya fitar da kuɗin sabis a kan kari, ya kuma ajiye ɗan littafi a cikin mota da za a riƙa rubuta rana, da lambar agogo, da abin da aka sauya, da irin man da aka zuba. Littafin nan shi ne zai raba gardama tsakanin direban da ya ce an yi sabis da maigidan da ya ce ya biya. Hukumomin da ke sayen motocin asibiti da na aikin gona ya kamata su ware kuɗin mai da filta tun ranar da suka ware kuɗin mota, domin motar ɗaukar marasa lafiya da ke bisa duwatsu ba ta kai kowa asibiti.

Gyara kayanka, in ji masu iya magana, bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai matafiya gida lafiya.